Ranar da Chrome ya ƙi ɗaukar mana heda

Mu huɗu ne a ɗan ofishinmu a Kano, sana'armu rubuta wa 'yan kasuwa manhaja. Bara wani mai kamfanin kai saƙo ya kawo mana aiki: yana so daga kan kujerarsa ya riƙa ganin inda kowane mai babur yake a taswira. Irin wannan sai WebSocket, layin da ke zama a buɗe tsakanin na'ura da saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanai tana rarraba su. Muka ɗauki Socket.IO, kayan aikin manhaja da ke sauƙaƙa buɗe irin wannan layi.

A wayoyin masu babur ba mu sha wahala ba. Manhajar React Native ce, muka sa tokin ɗin shiga, wato makullin da ke shaida ko kai waye, a hedar Authorization (heda ɗan bayani ne da ke tafiya a kan buƙatar da ake aika wa saba) ta hanyar zaɓin extraHeaders, saba ta gane kowa. Da muka zo shafin mai kamfani a Chrome, sai saba ta rufe masa ƙofa. Bayan la'asar yaron da ke kula da saba ya juyo mini da kwamfutarsa, yatsansa a kan allo. "Oga, duba. Hedar ko fita ba ta yi ba."

Gaskiyarsa. Bisa ƙa'idar WebSocket, wato RFC 6455 ta 2011, gaisuwar farko buƙatar HTTP ce mai hedodinta, saba ta amsa da 101, lambar da ke nufin ta yarda a buɗe layin. Amma burauza abu biyu kaɗai take karɓa daga hannunka: adireshi da sunan ƙaramar yarjejeniya, ba ta ba ka damar sa heda. Shi kuma extraHeaders a burauza sai ta hanyar polling, wato yawan aika wa saba buƙata a kai a kai, yake aiki, mu kuwa mun kashe ta.

Muka maƙala tokin a wutsiyar adireshi, abu ya yi aiki. Washegari na buɗe rajistar Nginx, manhajar sabar da ke rubuta kowane adireshin da aka nema, na ga tokin-tokin abokin cinikinmu a jere, layi bayan layi. Gabana ya faɗi, don amana ce aka ba mu. Nan take muka soke su duka.

Yanzu zaɓin auth muke amfani da shi, wanda ya zo da Socket.IO 3 a 2020. Tokin na tafiya a saƙon farko bayan layi ya buɗe, saba ta karanta shi a socket.handshake.auth. Kuma muna ɗauko shi sabo duk lokacin da za a sake haɗuwa, domin mai babur da ya nufi Dawanau layinsa kan yanke a hanya, kafin ya dawo wa'adin tsohon tokin ya ƙare.