Bututun ƙarfe a hanyar maɗaciya: abin da na gani a jinyar Gwaggo

Watanni bayan an cire wa Gwaggo jakar maɗaciya, sai idanunta suka koma rawaya, ƙaiƙayi ya hana ta barci, mutanen gida kuma suka ce shawara ce, suka fara jiƙo. Da muka kai ta asibiti a nan Abuja, likita ya tabbatar mana cewa ba daji ba ne, tabo ne ya matse bututun da ke kai ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji.

Ya bayyana mana hanyoyi biyu na buɗe wurin da ya matse ta hanyar sa bututu a ciki, na roba ko na ƙarfe, dukkansu ta baki ake bi da na'ura mai kyamara, ba tare da an tsaga ciki ba. Bututun roba yana toshewa, don haka akan sauya shi duk bayan wata 3, har tsawon shekara guda. Na ƙarfe kuwa raga ce ta nikel da titaniyom da aka lulluɓe da siririyar fata ta roba, tana buɗewa da kanta har faɗin milimita 8 zuwa 10, a bar ta wata 6 zuwa 12 sannan a zare ta. Lulluɓin nan shi ne muhimmi, domin shi ke hana nama shiga ragar, amma kuma shi ke sa ta iya zamewa daga wurinta.

Kuɗin na ƙarfen ya yi mana nauyi, sai dai a ganina raguwar komawa ɗakin tiyata ga dattijuwa kamarta ta cancanci hakan. Da likita ya tambaye ta, cewa ta yi, "Ɗana, a sa min wanda zai rage mini zirga-zirga."