Yadda Jarrabawar GMAT Ta Cinye Mini Zagayen Satumba

A farkon watan Yuni na shekarar 2024 na manna farar takarda a bangon ɗakin da nake karatu, na rubuta ranaku biyu da jan biro: ranar da zan zauna jarrabawar GMAT, wato jarrabawar da ake yi domin neman gurbin digiri na biyu a harkokin kasuwanci, da ranar da makarantun kasuwancin da nake nema za su rufe karɓar takardu a zagayen farko. A takarda lissafin ya yi kyau. Ina aiki a sashen bayar da rance na wani banki a Kano, ba na barin ofis sai bayan magariba, amma na ɗauka cewa awa biyu bayan sallar asuba, da kuma yinin Asabar, za su ishe ni in kammala komai kafin Satumba. Ba su ishe ni ba. Abin da ya kayar da ni kuwa ba wuyar jarrabawar ba ce. Na ba ta dukkan lokacina ne, na manta cewa sauran abubuwan da makarantun ke buƙata suna hannun mutanen da ba su da gaggawar da nake da ita.

Ga wanda bai san tsarin ba, yawancin manyan makarantun Amurka da Turai masu bayar da digiri na biyu a harkokin kasuwanci, wato MBA, suna karɓar takardun masu neman gurbi ne zagaye-zagaye. A Amurka zagayen farko yakan rufe a watan Satumba, na biyu a farkon Janairu, na uku kuma wajejen Afrilu, kodayake makarantar kasuwanci ta Harvard zagaye biyu kaɗai take yi. Makarantar kasuwanci ta INSEAD, mai harabobi a Faransa da Singafo, tana ɗaukar ɗalibai sau biyu a shekara, kowane ɗauka da nasa wa'adin. A kowane zagaye ana so mutum ya miƙa kaya cikakku a lokaci guda: makin jarrabawa, takardar sakamakon digirinsa na farko, tarihin aikinsa, muƙalolin da ya rubuta game da kansa, da wasiƙun shaida, galibi biyu, ɗaya daga wurin shugabansa na aiki. Zagaye na uku bai cika yi wa baƙo daga wata ƙasa amfani ba, domin a lokacin gurabe sun ragu, kuɗin tallafin karatu an riga an raba mafi yawansa, sannan lokacin neman biza ya ƙure. Saboda haka irinmu dama biyu ce a zahiri, Satumba ko Janairu.

Ita jarrabawar an sauya mata fasali a ƙarshen 2023, kuma daga Fabrairun 2024 sabon fasalin kaɗai ake yi. Sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambayoyi 21, fahimtar rubutu da auna hujja mai tambayoyi 23, sai nazarin bayanai da jadawalai mai tambayoyi 20. Maki yana farawa daga 205 ya tsaya a 805, kuma 645 na yanzu yana daidai da kusan 700 na tsohon tsari, abin da ya rikita da yawa daga cikinmu da muka taso muna jin cewa sai da 700 ake shiga babbar makaranta. Kwamfuta ce ke zaɓar tambaya ta gaba bisa ga yadda mutum ya amsa ta baya, don haka idan ka ga tambayoyin suna ƙara tsauri, alama ce ta cewa kana kan hanya. Akwai ƙa'idoji guda biyu da ya kamata a ce su na fara rubutawa a waccan takardar ta bango: ba a sake zama sai bayan kwana 16, kuma ba a wuce zama biyar a cikin wata goma sha biyu. Makin yana aiki har shekara biyar, wanda ke nufin babu abin da ya hana ni zama tun shekara guda kafin in fara tunanin wa'adi, in ban da sakaci.

Akwai wani abu a tattare da wannan jarrabawa da yake jan mutum ya zauna a kanta fiye da kima, kuma sai daga baya na gane shi. Tana ba ka lamba. Idan ka yi gwaji ranar Asabar ka sami 585, ka sake yi bayan mako biyu ka sami 615, zuciyarka za ta gaya maka cewa ka yi aiki, kuma ga shaida a gabanka. Muƙala ba ta da wannan. Kana iya shafe awa uku kana rubutu kana gogewa, ka tashi ba ka san ko ka matsa gaba ko ka koma baya ba. Zuwa wurin shugabanka ka gaya masa kana shirin barin aiki domin karatu kuwa, wannan abu ne da kowa zai so ya ɗage zuwa gobe. Sai ya zama duk ranar da na tuna da muƙala ko wasiƙar shaida, sai in buɗe littafin tambayoyin lissafi, in kwantar wa kaina da hankali cewa ai wannan ma shiri ne. Na yi wata biyu da rabi a haka, ina gudun aiki mai nauyi ta hanyar yin wani aikin da yake da wuya amma ba ya sa mutum jin kunya.

A tsakiyar Agusta na tafi Abuja na zauna jarrabawar. Makin wucin gadi yana bayyana a fuskar kwamfuta da zarar an gama, kuma abin da na gani shi ne 605. Sashen nazarin bayanai ne ya ja ni ƙasa, domin na ɓata kusan minti shida a kan wata tambaya mai jadawalai uku, har na ƙarasa tambayoyin ƙarshe da cinke. A motar da ta dawo da ni, tun kafin mu kai Kaduna, na yi lissafin da ya kamata in yi tun watan Yuni. In na ƙara kwana 16, zan sake zama a ƙarshen Agusta, saura kwanaki ƙalilan a rufe zagayen farko. Ko da makin ya tashi, ba ni da muƙala ko ɗaya da ta wuce sakin layi biyu, ban nemi takardar sakamakona daga jami'ar da na gama ba, kuma babu wanda na roƙa ya rubuta mini wasiƙar shaida.

Duk da haka na gwada. Ranar Litinin na shiga ofishin maigidana, mutumin da na yi shekara huɗu a ƙarƙashinsa, na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Ya cire tabarau ya ajiye a kan fayil, ya tambaye ni yaushe ake buƙatar wasiƙar. Na ce, "Ranka ya daɗe, nan da kwana goma sha takwas." Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai iya sa hannu a kan duk abin da na rubuto masa, amma in ina so ya rubuta da kansa, da misalan da shi ya gani da idonsa, to ba a fafe gora ranar tafiya. Maganarsa ta yi mini zafi a ranar, amma ita ce ta yanke hukuncin. Wasiƙun nan ba irin takardar shaidar da muka saba ba ce, wadda ake cewa wane yaron kirki ne mai ladabi da biyayya. Makarantar tana aika wa mai shaidar tambayoyi kai tsaye ta imel, tana so ya kwatanta ka da takwarorinka, ya kuma faɗi wani gyara da ya taɓa yi maka da yadda ka karɓe shi. Wannan yana buƙatar mutum ya zauna ya tuna, kuma shugaban da ke da taro uku a yini ba zai yi shi a daren ƙarshe ya yi kyau ba. Daga ofishinsa na fito na haƙura da Satumba.

Tsarin da na yi na biyu daga baya na fara shi, wato daga makon farko na Janairu na riƙa ƙirgowa zuwa inda nake tsaye. Abin da ke hannun wasu shi na sa a gaba. A makon nan na roƙi masu shaidata biyu, na ba kowannensu shafi ɗaya da ya ƙunshi ayyukan da muka yi tare da ranakunsu, domin in sauƙaƙa musu tunawa, ba domin in sa musu magana a baki ba. Na kuma tura ƙanena jami'ar da na gama ya fara bin takardar sakamako, abin da na zaci na mako biyu ne amma ya ci mako bakwai, da zuwa ya fi sau biyar, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ba a ga fayil ba. Da a Disamba na fara wannan, da zagaye na biyun ma ya wuce ni. Sannan na yanka wa jarrabawar iyaka: zama na biyu a tsakiyar Oktoba, in ya ɓaci akwai zama na uku a farkon Nuwamba, daga nan kuma duk makin da ke hannuna da shi zan shiga, in rufe littattafan.

Rabon lokacin ma na sauya shi. Bayan asuba, lokacin da gida yake shiru kuma ƙwaƙwalwa ba ta gaji ba, na bar wa lissafi da nazarin bayanai. Na daina yawan amsa sababbin tambayoyi, na buɗe wani littafi na musamman da nake rubuta kowace tambayar da na faɗi, da dalilin faɗuwar: ko ban san ƙa'idar ba, ko na yi gaggawa, ko na karanta abin da ba a tambaya ba. Bayan mako uku na ga cewa fiye da rabin kurakuraina na dalili na ukun ne, wato matsalata ba ta ilimi ba ce, ta natsuwa ce. Lahadi kuwa na ware ta ga rubutu kaɗai, na haramta wa kaina taɓa littafin jarrabawa ko da rubutun ya ƙi tafiya. Ayyukan biyu ba sa zama a yini ɗaya, a wurina dai. Jarrabawar tana so ka yanke hukunci cikin minti biyu ka wuce, muƙala kuma tana so ka zauna da tambaya ɗaya har ta dame ka. Makarantar Stanford, alal misali, ta daɗe tana tambayar masu neman gurbi abin da ya fi muhimmanci a gare su da kuma dalili, kuma irin wannan tambaya ba a amsa ta da ƙwaƙwalwar da ta tashi daga warware lissafin kashi cikin ɗari.

A nan na ci karo da wata wahala da ban taɓa jin masu ba da shawara sun ambata ba. An tarbiyyantar da mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma duk daftarina na farko cike yake da "mun yi" da "aka samu nasara". Wata abokiyar aikina da ta yi irin wannan karatu a Ingila ta karanta, ta ja layi a ƙarƙashin kowane "mu", ta ce ita har yanzu ba ta san abin da ni na yi ba. Sai da na yi daftari biyar kafin in iya rubuta cewa ni ne na tsara yadda za a riƙa tantance ƙananan 'yan kasuwar Kantin Kwari da ba su da takardun lissafi, ta hanyar duba shige da ficen kuɗinsu na wata shida, ba tare da na ji kamar na yi rashin kunya ba. Wannan sauyin bai yiwu a mako ɗaya, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake ganin ko da makina na Agusta ya yi kyau, takardun da zan miƙa a Satumba da sun zama marasa ƙarfi.

A Oktoba na sami 655. Matsakaicin makin ɗaliban makaranta ɗaya daga cikin huɗun da nake nema ya ɗan fi haka, kuma na kwana biyu ina duba ranakun da suka rage a cibiyar jarrabawa, ina raya cewa da ƙarin mako uku zan iya kai 685. Wataƙila da na kai. Amma mako ukun nan daga cikin lokacin muƙaloli zan cire su, ga kuɗin zama da ake biya da dala a lokacin da naira ta riga ta faɗi tun bayan sakin farashinta a Yunin 2023, ga kuɗin neman gurbi na kowace makaranta yana jirana, shi ma da dala ko fam. Uwargidana ce ta tambaye ni ko maki talatin ɗin za su rubuta mini muƙalar da har yanzu ban gama ba. Ban sake zama ba, kuma ko zama na ukun da na tanada ban yi amfani da shi ba.

Disamba ta zo da abin da na riga na yi tsammani, rufe lissafin shekara a banki, da bukukuwan 'yan uwa kusan kowane ƙarshen mako, da murar hunturu da ta kwantar da ni kwana huɗu. Da jarrabawa tana gabana a watan, ban san yadda zan yi ba. Makarantu uku na miƙa musu takardu tun kafin sabuwar shekara. Ta huɗun wa'adinta ƙarfe biyar na yamma ne agogon gabashin Amurka, wanda a watan Janairu yake daidai da sha ɗaya na dare a Kano, domin tazarar awa shida ce a lokacin sanyi, ba biyar ba kamar a Satumba. Komai nawa ya shiga tun da rana, sai wasiƙar mai shaidata na biyu, wanda ya tafi ɗaurin aure Katsina, shafin yana nuna ba ta iso ba. Na kira shi bayan isha'i, ya ce ya rubuta tun makon jiya, aikawa ce kawai ta rage, kuma yana neman inda sabis yake da ƙarfi. Ƙarfe goma saura kwata alamar da ke gaban sunansa ta koma kore. Na kashe kwamfutar, na cire takardar bangon da har lokacin take ɗauke da ranakun Satumba, na ninke ta na sa a cikin littafin kurakuraina.