Ku Kuke Gaban Masu Tallar Taba

Ƙannena matasa, na daɗe ina shan taba sigari kafin Allah ya ba ni ikon rabuwa da ita, kuma kuskurena na farko shi ne na ɗauka talla ba ta isa ta juya mini tunani ba. Daga baya na lura cewa kwalin da na fara saya shi ne wanda idona ya fi sabawa da shi a allunan talla, har ma yadda nake maƙale karan a tsakanin yatsu daga hoton wani ƙosasshen saurayi mai murmushi na kwaikwayo shi.

Kamfanonin taba sun san cewa mafi yawan masu sha suna farawa ne kafin su cika shekara 18, kuma da wuya dattijo ya fara da tsufansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana hallaka fiye da mutum miliyan 7 a kowace shekara, don haka dole kamfanonin su nemi sababbin masu saye da za su maye gurbin waɗanda suka mutu ko suka daina. Da zarar sun samu kun zuƙa, nikotin, sinadarin da ke cikin taba mai sa jiki ya kasa rabuwa da ita, zai ƙarasa musu aikin, domin cikin 'yan daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa.

Da tari ya fara damuna, maimakon in daina, sai na koma wa nau'in da aka rubuta a kwalinsa cewa mai sauƙi ne, ina ganin na rage wa huhuna wahala. Ashe mai shan irin wannan yakan ƙara zurfafa zuƙa ne don ya samu nikotin ɗin da jikinsa ya saba, cutar kuwa tana nan yadda take.

Wannan ne ya sa nake goyon bayan haramta talla gaba ɗaya. Birtaniya ta hana tallar sigari a talabijin a 1965, Amurka ta hana a rediyo da talabijin daga 1971, amma kamfanonin suka karkatar da kuɗinsu zuwa ɗaukar nauyin wasanni, musamman tseren motoci. Shi ya sa sashe na 13 na yarjejeniyar yaƙi da taba ta duniya, wadda ta fara aiki a 2005, ya haɗa talla da kyaututtukan jan hankali da ɗaukar nauyi a cikin haramci guda. Ostireliya ta ƙara gaba a 2012, ta cire launi da tambarin kamfani daga jikin kwali.

Yau tallar ta ɓuya a cikin wayoyinku: fitaccen mutum yana busa hayaƙi a bidiyo, ko sigarin lantarki mai ƙamshin 'ya'yan itace da aka ƙawata kamar alawa. Idan kun gani, ku tambayi kanku wa ya biya kuɗin, kada ku tura wa abokai, kada kuma ku karɓi ɗanɗanon kyauta. Wanda ya riga ya fara a cikinku, ya je wajen ma'aikacin lafiya tun yanzu ya nemi taimakon dainawa.