"Za mu gani" irin ta mutanen Burazil

Sana'ata sayar da injinan daddatsa kara da ciyawa ga masu kiwon shanu. Shagona yana Zariya, mu bakwai ne har da makanikai biyu. Da can daga Cana nake ɗauko kaya, sai masu gonakin madara da suka fara kiwon Girolando, wato barbarar Gir da Holstein, suka dame ni da maganar injinan Burazil, tunda can ma rake da doguwar ciyawa suke datsa wa shanunsu. Shi ya sa a 2018 na tafi Agrishow, baje kolin kayan noma da ake yi a Ribeirão Preto ta jihar Sao Paulo daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu.

Na je ne da halin cinikin Guangzhou ta Cana: ka shiga rumfa, ka nuna inji, a buga maka lamba a kalkuleta, ka buga taka. Manajan da na fara tsayawa wurinsa ko kallon kalkuletar bai yi ba. Ya ja mini kujera, ya sa aka kawo cafezinho, ɗan mitsitsin kofi mai ƙarfi da sukari, ya hau tambayata gari da iyali. Da ya ji Nijeriya sai ya dafe kai ya ce "Kanu!" Har yau ba su manta da ci 4 da 3 da Nijeriya ta yi musu a ƙwallon gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ba. Muka yi rabin awa ba a taɓa zancen kuɗi ba, ni kuwa ina ta duba agogo, har tafintana ya taka mini ƙafa. Daga baya na ji kunyar kaina, don ko a Kantin Kwari ba ka faɗa wa dattijo da ciniki ba gaisuwa.

Mutane ne masu matsowa kusa idan suna magana, ga runguma da bubbuga baya. Da sunan yanka suke kiran juna, sai dai babba a sa masa Seu a gaba, mace kuma Dona, kamar dai yadda muke cewa Malam wane ko Hajiya wance. Inda na sha wuya shi ne gaisuwar mata, domin sumbatar kumatu suke yi, sau ɗaya a Sao Paulo, biyu a Riyo. Dabarar da na koya ita ce in riga ta: in dafa ƙirji, in ɗan rusuna da fara'a tun kafin ta matso. Aka yi musu bayani sau ɗaya, ba wadda ta ɗauka da zafi.

Rabin cinikin a teburin abincin rana ake ƙulla shi, kuma ba a gaggawa. Sai dai Musulmi ya buɗe ido. Feijoada baƙin wake ne da naman alade, har waken yau da kullum da farofa, soyayyen garin rogonsu, sukan jefa musu alade don ɗanɗano. Kalmar Fotugis da na fara haddacewa ita ce "sem porco", ban da alade. Burazil na kan gaba a duniya wajen fitar da kajin halal, amma wannan na kwantena ne, ba lallai na gidan abincin unguwa ba, don haka ni kifi nake ci.

Asarar da na tafka kuwa daga baki ta fito. A Nuwamban shekarar na nemi kwantena biyu su taso a Janairu, don su riski bazara lokacin da abincin dabbobi ke wuya. Mutumina ya turo saƙon murya a WhatsApp, cike da raha, wai "vamos ver, deixa comigo", za mu gani, bar min komai. Na ɗauka an gama, har na karɓi kafin alƙalami daga mutum tara. Ashe masana'antar tana rufewa gaba ɗaya don hutun ma'aikata daga gab da Kirsimeti zuwa cikin Janairu, ga Kanibal, babban bikin raye-rayensu na shekara-shekara, da ya faɗo farkon Maris a 2019. Kaya ba su bar tashar jiragen ruwa ta Santos ba sai ƙarshen Maris, kafin in fitar da su daga Apapa damina ta sauka, ciyawa ta tsiro ko'ina. Mutum huɗu suka karɓe kuɗinsu. Abin haushin shi ne na fi kowa sanin ma'anar "za mu gani" a bakin Bahaushe. Shi ma nauyin ce mini a'a ya ji.

Ban yi masa faɗa a gaban yaransa ba, da na yi da an rabu ke nan. Na kira shi shi kaɗai, muka gaisa sosai, sannan na faɗi abin da na rasa. Ya rage mini kuɗin wuƙaƙen inji a oda ta gaba.

Yanzu duk daɗin hira sai na ga ranar lodi a rubuce cikin takardar farashi kafin in karɓi sisin kowa. Odar bazara a Satumba nake turawa. Kira kuma sai bayan azahar, don mun riga su da awa huɗu, kuma minti goman farko na ƙwallo ne da lafiyar 'ya'yansa. Hular zanna da na kai masa tana rataye a ofishinsa, duk ranar da Super Eagles suka sha kashi sai ya saka ta ya turo mini hoto.