Ba mu buga takarda sai mun duba haruffanta

Shagonmu yana kusa da babbar kasuwar Maradi. Muna buga katin biki, kalandar ƴan kasuwa, littattafan yaƙi da jahilci, da memwar, wato kundin kammala karatu, na ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Inji dai duk mai kuɗi yana iya sayensa. Abin da muke tinƙaho da shi haruffa ne, musamman huɗun nan masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Mutum zai rubuta aikinsa, ya ga komai tsaf a kwamfutarsa, ya mai da shi PDF ya turo ta WhatsApp. In samfurin haruffan da ya zaɓa bai shiga cikin fayil ɗin ba, kwamfutar da ta buɗe shi sai ta ari wanda take da shi. Nan ne ƙ ke komawa ɗan akwati, kalmomi su cunkushe. Wani lokacin kuma tun wajen rubutu ne samfurin ba shi da ƴ, sai Word ta ɗauko daga wani, harafin ya fito siriri tsakanin masu kauri.

Saboda haka duk fayil ɗin da ya shigo, yarana sun san ƙa'ida: a buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni a manhajar Linux, a rubuta umarnin pdffonts da sunan fayil. Nan take zai jero duk samfuran da ke ciki. Inda aka rubuta emb muke fara kai ido. In muka ga no, ba a ɗinke samfurin a ciki ba, aiki ya tsaya. In sunan ya fara da manyan baƙaƙe 6 da alamar tarawa, haruffan da aka yi amfani da su kawai aka ɗauka, wanda ya isa bugu amma yana wahalar da gyara. Sai uni, mai nuna ko kwamfuta ta san kowane zane wane harafi ne. Wannan ina gwada shi da pdftotext, umarnin da ke ciro rubutun da ke cikin PDF, don akwai tsofaffin samfura na kafin Unicode da suke ɗora ƙ a mazaunin wani harafi. A ido daidai, a kwafa kuwa shirme.

Umarnin da na fi ƙauna shi ne fc-list, mai jero samfuran haruffan da ke cikin kwamfuta. Kowane harafi da lambarsa: ƙ 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ 01B4. In na rubuta fc-list :charset=01b4, zai ba ni samfuran da ke da ƴ a injina, kuma ba su da yawa yadda ake zato. Shi kuwa fc-match yana gaya mini tun kafin bugu abin da za a aro a madadin samfuri irin Helvetica ko Times. In muna da ainihin samfurin, wata manhaja mai suna Ghostscript ke ɗinke shi cikin fayil. In babu, mu kira mai aiki mu shirya sabon zubi da samfurin Charis SIL ko Andika, waɗanda kyauta ne kuma lanƙwasarsu tana da kyau.

Wannan kula wajen maigidana na gaje ta, Allah ya jiƙansa. Da tafireta ya fara, wadda ba ta da ko ɗaya cikin haruffan nan. Ya gama buga shafi, sai ya miƙo mini biro in bi kowane k da d ina yi musu ƙugiya da hannu. Ya ɗaga takardar ya duba a hasken ƙofa, in ya ga ƙugiya ta karkace ya ce, "Yaro, sake. Mai karatu ba makaho ba ne." Baƙin allon kuwa wani ƙanena da ya karanci kwamfuta ya zaunar da ni ya koya mini, ina rubuta umarnin a bayan littafin rasit.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu araha. Su rubuta k' da d' da waƙafi a sama, ko su share lanƙwasar gaba ɗaya, sai ƙafa ta zama kafa a littafin yara. Wasu su mai da shafi hoto don matsala ta ɓuya, rubutu ya fito dishi-dishi. Sannan abokin ciniki ya zo yana cewa, "Malam, can rabin kuɗin nan ne." Nakan ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ɗauko nasu mu ajiye kusa da namu, ka karanta sunan ɗiyarka a duka biyun." Galibi cinikin a nan yake ƙarewa.

Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, masu kawo mana rubutun Hausa sun ƙaru, har da malaman zaure masu son ajami. Su muna yi musu da samfurin haruffa mai suna Alkalami, mai kama da rubutun allo na Kano, ko Harmattan in rubutun zai yi ƙanana. Mai kawo aiki ya taho da ainihin fayil ɗin Word a kile, wato ƴar ma'ajiyar USB, tare da PDF ɗin, ya fi saurin gyara.