Ciwon Gwaggo ba hawan jini ba ne

Ranar da Gwaggo ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu, baki ya karkace, hannun dama ya saki, kowa cewa ya yi hawan jini ne. Wasu ma har da batun iska. Aka auna, jininta bai hau ba.

Hoton zuciya ne ya nuna wasu 'yan tsiro a kan murfin da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciyarta. Aka yi ta gwajin jini, babu ƙwayar cuta. Ashe gudan jini ne ya maƙale a murfin, yana ɓantarewa ya bi jijiya ya toshe ta a ƙwaƙwalwa. Tushen kuwa kansar ƙwan mahaifa ce, mai sa jini saurin daskarewa. Tun 1865 likitan Faransa Armand Trousseau ya lura da alaƙar kansa da gudan jini.

Kumburin cikin nan da take ta shan kanwa a kansa, ashe shi ne alamar.

Yanzu kullum sai allurar heparin, maganin hana jini daskarewa, a fatar ciki, duk wurin ya yi shati-shati. Ana jira ta ɗan murmure a yi mata aiki. Ku sa ta a addu'a, don Allah.