Yaron da ba ya kuka

Ni ce majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a sashen gaggawa na wani asibiti a nan Tawa. Wata ranar Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika mana baranda da mata masu goyo, wata uwa ta zauna a layi tun hantsi. Ɗanta bai yi kuka ba, shi ya sa ba wanda ya waiwaye ta. Da layi ya zo kanta na kwance goyon, na taɓa hannunsa, sanyi ƙalau. Na danna farcensa, jini bai komo ba har daƙiƙa 3 ta wuce. Allah ya sa yana da sauran kwana, amma daren nan ban runtsa ba.

Washegari na tara ma'aikatan jinya, na ce za mu gwada iliminmu, har da ni. Wasu suka ɓata rai, suna zaton darakta zan kai wa sakamako. Sai da na rantse musu.

Daga TETU na ciro tambayoyin, wato tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na tantance yara tun a bakin ƙofa: na gaggawa, na gaba-gaba, da masu iya jira. A takarda ba laifi. Kowa ya san allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, miligiram 3 a kowane kilo ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Amma da na shimfiɗa ƴar tsana a gado na ce ga yaro yana jijjiga, sai hannuwa suka nufi biro, za a rubuta ordonansi. Kaɗan ne suka fara da duba hanyar numfashi, kaɗan suka tuna da auna sukarin jini. Wannan ya fi komi tayar mini da hankali.

Muka ajiye ma'aikaciya ɗaya a bakin ƙofa, aikinta duba fuska da numfashi kafin a rubuta suna. Muka tanadi kabad na maganin gaggawa, don kar uba ya tafi farmasi yaro na kwance. Baba mai gadi ma na koya masa: wanda ya suma, mai jijjiga, mai numfashi da ƙyar, a shigo da shi kai tsaye.

Wani dattijo ya tare ni ran nan: "Ƴata, tun safe nake zaune, ana ta tsallake ni."

"Baba, yi haƙuri, dubi wannan yarinyar."

Ya leƙa goyon, ya janye ƙafarsa daga hanya.

Gardin dare, wato aikin jinya na dare, shi ne har yanzu ban warware ba, don mutum ɗaya ba zai tsare ƙofa ya kuma sa ƙarin ruwa ba. A watan Yuli za mu sake gwajin, kafin barandar ta cika.